Hoton da ke Ƙofar Gaba

"Cire rigar, na ce!"

"In cire in sa me, Shef? Ganyen ayaba?"

Essomba, shugabanmu masu gadi, ya nuna cikin Ngo Nyemb da baki. "Da wannan tulun za ki tsaya gaban jakadiya? Ba Clarisse rigar, ki koma bayan janareto."

Clarisse 'yar ƙanwarsa ce, mai kitso a kasuwar Mokolo. Ko kaza ba ta taɓa gadi ba.

Ƙasar da muke gadin ofishin jakadancinta a Yaoundé ce ta shelanta cewa daga yanzu daidaiton mata da maza shi ne ginshiƙin hulɗarta da duniya. Jakadiya tana son hoton mace mai gadi ta aika gida. Kamfaninmu na gadi kuwa mace ɗaya gare shi, kuma ba ya riƙe mai ciki. Ngo Nyemb ta daɗe tana tamke nata da zane, har ya fi ƙarfin zanen.

Ba ta cire rigar ba. Jakadiya na fitowa Ngo Nyemb ta ture Clarisse, ta ƙame, ta sara mata.

Jakadiya ta tafa hannu. "Ga abin da muke faɗa wa duniya!" Ta dafa cikin ba tare da ta tambaya ba. Essomba ya matso gefe yana washe haƙora kamar shi ne uban ɗan. Aka ɗauka.

Washegari kamfani ya sallami Ngo Nyemb. Wai rashin ɗa'a.

Hoton kuwa aka buga shi ƙato, aka rataya a ƙofar gaba, daidai saman kaina. Ƙarƙashinsa nake wuni. Ko miyar ndole na buɗe, sai ta fita a raina.

Ran Litinin Ngo Nyemb ta zo, ƙafafu a kumbure cikin silifa.

"Ƙanena, buɗe. Jakadiya zan gani."

Na buga waya ciki. Sakatare ya ce ma'aikatan kamfani ba ruwan ofishi da su, ta nemi izini a rubuce. Na maimaita mata, idona a kan silifanta. In na buɗe, gobe ni ma ina waje.

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon kanta a bango.

"To waccan fa, Bilong? Ita wa ya ba ta izinin tsayawa a nan?"