Tokara a Ɗakin Gwaggo

"Ku ɗaga gadon da ni a kai, in kuna iyawa," in ji Gwaggo.

Injiniya ya dube ni. Shi ya sa aka kira ni daga gidana da ke maƙwabtaka, wai tunda ni mai karatu ne zan iya shawo kan tsohuwa. Ɗakinta da tsohuwar fada bango ɗaya suka haɗa, kuma bangon ya tsage har hannu na shiga. Gyaran fadar ake yi, za a mayar da ita ɗakin karatu. Dole a tokare bangon ta ɗakinta kafin a ɗaure shi da ƙarfe. Ita kuwa likita ya riga ya sallamo ta, irin sallamar da ba a komawa.

Injiniya ba mugu ba ne. Ya ce ta koma gidan jikarta, in an gama ta dawo. Ta tambaye shi yaushe. Ya ce bayan damina. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ɗan nan, bangon nan ya daɗe yana min barazana. Yanzu tsere muke, ni da shi."

Ban shawo kan kowa ba. Na tuna da matata, wadda ta cika a barandar asibiti, ana jiran a samo mata gado. Na gaya wa injiniya cewa littattafan da za su jera a fadar na karanta rabinsu, ba wanda zai ruɓe don ya jira tsohuwa ta mutu a ɗakinta. Ya ce littattafai za su jira, bango ne ba zai jira ba. Da gaskiyarsa.

Sai magina suka shigo da katakai suka kafa su a gicciye, bisa gadon da gefensa, tana kwance tana gargaɗinsu kada su taɓa mata keken ɗinki. Ba a daɗe ba ta rataye mayafinta a jikin ɗaya. Mai zuwa dubiya sai ya durƙusa ya kutsa ta ƙarƙashi.

"Malam, ashe ka iya rusunawa," ta ce da ni. "Da na sani da tuni na fasa bangon da kaina."

Wata rana da hantsi ta cika, a kan gadonta. Tokara ta cushe ƙofa, ba yadda za a fitar da ita, injiniya kuma ya ce in aka zare ɗaya, bango zai binne mu da gawar. Hanya ɗaya ta rage: kafar da magina suka huda a bangon suka ɗaure da ƙarfe don shigo da kaya.

Ta nan muka miƙa ta cikin fada, muka ɗora a makara, muka ratsa babban zaure zuwa babbar ƙofa. Masu shafe da ke can sama suka tsayar da hannu. Ɗigon farar ƙasa ya faɗo a kan likkafanin, bai ko nuna ba.