Abin da Leɓɓan Hetty Suka Faɗa

Ranar Asabar ɗin da aka kawo fim ɗin Hetty Clegg garinmu Marsbrook, ko ƙyallen kirki ba a saƙa a masaƙar garin ba. Mata na tsaye a bakin injinansu amma hankalinsu na gidan sinima, kuma jiniyar tashi na kaɗawa da rana tsaka suka yo waje kamar an buɗe wa awaki ƙofa. Layin da aka ja ya zagaya ta bayan kantin mai soya kifi da dankali, ya dangana da bakin gada. Ana yayyafi, amma yayyafi a garinmu ba labari ba ne.

A jikin bangon sinimar kuwa ba Hetty aka rubuta ba. Corinna Mayne aka rubuta da manyan haruffa, sunan da mutanen London suka laƙaba mata don wai nata bai dace da tauraruwa ba. Tana budurwa ta bar masaƙa ta bi wasu 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari gari, ta yi musu shara, ta yi musu wankin kaya, kafin su bari ta hau dandali a matsayin 'yar aiki mai kawo shayi. Daga nan wani mai shirya fim, Mista Pargeter, ya ƙyalla ido ya gan ta. Ta faɗa kogi a fim ɗinta na farko, doki ya kayar da ita a na biyu, a na uku ta yi kuka, to tun daga kukan nan ba ta ƙara kawo wa kowa shayi ba. Fim a lokacin ba ya magana. Hoto ne ke motsi, a sa ɗan rubutu a tsakani, mai fiyano na kaɗawa a gefe, don haka fuska ita ce jari. Jaridun London suka yi ta mamakin inda yarinyar ta samo fuska mai magana haka. Da sun tambaye mu da mun hutar da su. A masaƙa ƙarar injina ba ta barin ka ji ko muryar kanka, shi ya sa da leɓe ake hira, daga wannan bango zuwa wancan, har gulma da faɗa da neman aure. Duk wanda ya tashi a can ya iya, kuma ba ya mantawa.

Mista Pargeter bai tsaya ga suna ba. Ya ƙaga mata asali, ya ba 'yan jarida, wai 'yar wani limamin coci ce daga kudu, marainiya, ba uwa ba uba. Hetty ta ji abin bai kwanta mata ba, amma tana tsoron a mayar da ita kawo shayi, ta ja bakinta ta yi shiru. Jaridar ta iso Marsbrook, aka karanta wa mahaifiyarta Tabitha Clegg. Matar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce tun da ta mutu, ai mataccen mutum ba ya amsa gaisuwa. Haka kuwa aka yi. Hetty ta aiko da saƙo, shiru. Ta zo da kanta ta buga ƙofa, labule ma bai motsa ba. Shekaru suka yi ta wucewa a haka.

Don haka ita ce ta matsa wa Mista Pargeter lamba a kawo sabon fim ɗin nan garinsu. Ba tafi take nema ba, wannan ta sha shi a London har ya gundure ta. So take innarta ta zo, ta dube ta, ta kira ta da sunan da ta raɗa mata. Shi kuwa ya yarda ne don ya ji an ce 'yan arewa sun fi kowa cika sinima. A cikin jirgin ƙasa ya ja mata kunne cewa 'yan jarida na tare da su, kada ta kuskura ta nuna ta san kowa.

Ina za ta iya. Motar magajin gari na tsayawa da su a ƙofar sinima, layin nan ya wargaje. Ga takalman katako na ƙwaras ƙwaras a kan duwatsun titi, ga yara sun ɗare kan fitilun hanya, ga 'yan badujalar masaƙa sun dage suna busa har jijiyoyin wuyansu sun tashi. Hetty ta sauko da hula mai gashin jimina, bakinta ya ƙi rufuwa. Kowace fuska ta sani. Kafin ta kai matakala wata mata ta ture ɗan sanda ta damƙe mata hannu. Florrie ce, wadda injinta ke kusa da nata a da.

"Ke Hetty, wannan kazar da kika ɗoro a ka, tana ƙwai kuwa?"

Hetty ta danne dariya, ta saci kallon Mista Pargeter, ta tambaya ƙasa ƙasa ko Inna za ta zo.

"Ta rantse ba za ta taka nan ba," in ji Florrie. "Amma jiya na leƙa na tarar tana goge mayafinta na zuwa coci, kuma kin san jiya ba Lahadi ba ce, yau ma haka."

Da wannan Hetty ta hau bene kamar ba ta taka ƙasa. Aka zaunar da ita a sama tsakanin magajin gari da Lionel Ashby, kyakkyawan saurayin da ya fito masoyinta a fim ɗin, wanda tun daga tasha yake toshe hanci da hankici saboda hayaƙinmu. Ƙasa ba masaka tsinke. Ta bi layi layi da ido har ta kai bencinan gaba, na masu ƙaramin ƙarfi, sai ga baƙin mayafin nan da ƙeyar da ko cikin dubu za ta gane. Tabitha na zaune a miƙe kamar a coci, ba ta waiwayo ba. Amma ta zo, kuma a lokacin wannan kaɗai ya ishi Hetty.

Aka kashe fitila, mai fiyano ya kama. Fuskar Hetty na bayyana a allo, girman ƙofar gida, sinimar ta ɗauki shewa da buga ƙafa har ƙura na zubowa daga rufi. Labarin wata 'yar masu hali ce da ta so wani matalaucin mai zane, ciwon tari ya kama ta. Mutanenmu suka shiga fim ɗin da ƙafa biyu. Suka zagi mugun uban, suka gargaɗi yarinyar kada ta fita cikin sanyi ba mayafi, wata tsohuwa ma ta jefi allon da ɓawon lemo. Hetty ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba a duk manyan sinimomin London.

Sai aka zo wurin soyayya. Lionel ya durƙusa a lambu ya kama hannunta, ita kuma ta sunkuyo, idanu sun kawo ruwa, leɓɓanta na motsi. Rubutu ya fito cewa za ta so shi har bayan ranta. Fiyano ya yi laushi. Daga gaba wata ta ƙyalƙyale, ta kusa da ita ta kama, kafin ka ce me sinimar duka ta tuntsire, har da masu riƙe ciki, har da masu share hawaye da gefen mayafi. Mista Pargeter ya miƙe tsaye yana duban allo ko wani abu ya karkace. Lionel ya yi tsuru tsuru. Daga ƙasa Florrie ta ɗago kai, ta yi wa Hetty magana da leɓe a hasken allon: ashe gogan naki albasa yake ci?

Nan take Hetty ta gane abin da ya faru. A gidan ɗaukar fim ba wanda ke damuwa da abin da ɗan wasa ke faɗa, tun da ba za a ji ba. In dai baki na motsi, shi ke nan. Wasu lissafin tseren doki suke yi, wasu zagin darakta. Ita ranar lambun nan cewa ta yi da Lionel, cikin murmushin soyayya, don girman Allah ya daina cin ɗanyar albasa in ya san zai durƙusa mata, kuma ya ɗage gwiwarsa daga kan rigarta. A London fim ɗin ya yi makonni ba wanda ya lura. Ita da ta tashi a masaƙa ce ta manta garin da za ta kawo shi.

Ba albasar ce ta tayar mata da hankali ba. Wurin mutuwa ne ke tafe, kuma ta tuna sarai abin da ya faru ranar da aka ɗauke shi. An kwantar da ita a gado, an matso da kyamara dab da fuskarta, darakta na ihu ta yi kuka, hawaye suka ƙi zuwa. Sai ta yi abin da takan yi a ɓoye in abin ya gagara: ta dubi gilashin kyamarar ta yi wa innarta magana. Yanzu ga shi garin duka zai karanta, har da matar da ta ƙi buɗe mata ƙofa. Ta raɗa wa Mista Pargeter a tsayar da fim ɗin. Ya dube ta kamar ta zautu, ya ce ta zauna. Ta koma ta zauna, ta rasa ko kunya take ji ko ɗoki.

Fuskar ta cika allon, fari fat a kan matashi. Rubutu ya ce tana ban kwana da masoyinta. Ba wanda ya kalli rubutun. Leɓɓan na cewa, a hankali, da irin buɗe bakin 'yan masaƙa:

"Inna, ni ce Hetty. A nan ba mai kirana haka. Ba ni na ce kin mutu ba, amma na ji an faɗa na yi shiru. Na gaji, Inna. Ina so in zo gida in ci dankalinki da nama, in zauna bakin murhu ki yi mini faɗa."

Sinimar ta yi tsit. Masu ɓare lemo suka tsaya, masu tari suka haɗiye. Mai fiyano, wanda shi ma tsohon masaƙi ne, ya saki kiɗan ya bar hannuwansa a cinya, sai ƙarar injin majigi kawai ake ji daga baya. Kawuna suka riƙa juyawa a hankali zuwa bencin gaba. Tabitha ba ta motsa ba. Mista Pargeter ya sunkuyo yana murna, ya ce da Hetty ta gani, ko 'yan ƙauye sun san wasa in sun ga wasa. Ita dai ƙeyar nan take kallo.

Fitila na kamawa tafi ya ɓarke, irin wanda ba a jin maganar na kusa. Magajin gari ya tashi zai yi jawabi, 'yan jarida suka matso, Mista Pargeter ya riƙo hannunta don ta rusuna wa jama'a. A can ƙasa Tabitha ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta juyo. Ta ɗaga kai ta ƙare wa 'yarta kallo daga hular har ƙasa, fuska ba annuri. Sannan leɓɓanta suka motsa, daga wannan bango zuwa wancan, ta saman hayaniyar duka.

"Hetty, kin rame. Sauko mu je gida."

Hetty ta yi wata irin dariya mai haɗe da kuka, ta fizge hannunta. Wani ɗan jarida da ya lura ya sha gabanta, ya tambaya ko wace ce wannan tsohuwar. Mista Pargeter ya yi saurin cewa wata tsohuwar mai rainonta ce tun tana ƙarama.

"Uwata ce," in ji Hetty, da ƙarfin da sai da magajin gari ya katse jawabinsa. "Ita ta haife ni, a layin bayan masaƙa. Rubuta da kyau, sunanta Tabitha Clegg, kuma tana nan da ranta."

Ta tattare rigarta ta sauko matakala da gudu, mata na darewa suna ba ta hanya, wasu na dukan bayanta. Ta tarar innarta har ta kai ƙofa, don Tabitha ba ta saba jiran kowa ba. Ganin har yanzu ana yayyafi, tsohuwar ta dubi siririyar rigar London, ta ja tsaki, ta buɗe rabin mayafinta. Hetty ta shige ciki, suka kama hanya, faɗan kuwa tun kafin su kai gada aka fara shi.