Ɗari Bakwai da Goma Sha Takwas

"To da kika tambaye shi, me ya ce?" in ji Salmanu.

"Ya ce in koma in yi bitar lissafi." Shamsiya ta ture farantin shinkafa gefe. "Ni, Salmanu. Shekara biyar ina karatun injiniya, wai in koma in koyi biyu sau biyu."

Salmanu ya sa hannu ya rufe baki, amma kafaɗunsa suka tona shi.

"Yi dariyarka. Kai mai binciken sauro ina ruwanka, sauro ba ya musu da kai."

Ranar Asabar ce, suna zaune a wani ɗan gidan abinci na ƴan Senegal a unguwar Guillotière ta birnin Lyon, jirgin tram na wucewa yana kaɗa gilashin taga. Da safen nan ta sauko daga Paris, tun a gar, tashar jirgin ƙasa, ya ga fuskarta ya san akwai magana.

Shamsiya ƴar Damagaram ce, tana shekarar ƙarshe a makarantar injiniyoyi a Lyon. Ba za a ba ta takardar gama karatu ba sai ta yi wata shida tana koyon aiki a wani wuri, abin da suke kira stage. Abokan karatunta duk sun watsu cikin manyan ofisoshi masu sanyi. Ita kuwa zuciyarta ta maƙale a wata tsohuwar rumfar jirage a kudancin Paris, inda wasu dattawa suka yi ƙungiya suna tayar da wani jirgin saman yaƙi na sojan ruwa, ƙirar Amurka, wanda aka ƙera a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Corsair sunansa. Shuɗi ne mai duhu, da farfela mai ganye huɗu, fukafukansa a lanƙwashe kamar mace ta riƙe ƙugu tana jiran a ba ta amsa. Ta karanta duk abin da ta samu a kansa, da Faransanci da Ingilishi, amma ranar da ta tsaya ƙarƙashin hancinsa ta ji ƙanshin tsohon mai, sai da ta juya baya ta goge ido. Tun tana ƙarama take tsugunawa gefen babanta yana kwance injin janareto a Sabon Gari, yau ga ta gaban inji mai silinda goma sha takwas.

Shugaban aikin wani tsohon Bafaranshe ne ɗan yankin Bretagne, Mushe Kerbrat, wato Malam Kerbrat a bakin Faransawa, mai shekara saba'in da shida. Yana saurayi ya yi aikin bakanike a jirgin ruwan yaƙi, yana gyaran ƙannen wannan Corsair ɗin. Ya ba ta sati biyu na gwaji, ranar Juma'a ta biyu zai ce ta zauna ko ta tafi.

Da yake tana jin Ingilishi, sai ya sa ta jera tsofaffin takardun Amurkawa da ke cikin kabad. A nan ta ci karo da abin da ya hana ta sukuni. Takardun sun ce iyakar gudun jirgin, in ya miƙe sambal a can sama, mil ɗari huɗu da arba'in da shida ne a sa'a guda. Mil na tudu, irin wanda Amurkawa ke auna hanyar mota da shi. In an mai da shi kilomita, ɗari bakwai da goma sha takwas ke nan. Amma Mushe Kerbrat, duk baƙon da ya shigo rumfar sai ya dafa cikin jirgin ya ce masa ɗari takwas da ashirin da shida. Wannan lambar ce kuma za a rubuta da fenti a babban allon da za a kafa ranar buɗe rumfar ga jama'a. Ba ta sha wahalar gano tushen kuskuren ba. Tsohon mutumin teku ne, shi duk gudu da mil na teku yake auna shi, wanda ya fi na tudu tsawo. Ya ɗauki lambar Amurkawa ya auna ta da mudun jirgin ruwa.

"Sai kika yi yaya?" Salmanu ya tambaya, ko da yake ya riga ya ji sau ɗaya a waya.

"Yadda aka koya mani. Na jira kowa ya fita, na dafa masa kafe, na jawo akwati na zauna ƙasa da kujerarsa. Na ce, Mushe, kaina ya kulle, ku koya mani yadda ɗari huɗu da arba'in da shida ke zama ɗari takwas da ashirin da shida."

A gida, in yaro ya zo wa babba da irin wannan tambaya, babban ya san abin da ake nufi. Zai ce bari ya duba, ya gyara abinsa ba wanda ya ji, washegari ya sa wa yaron albarka. Mushe Kerbrat kuwa fensir ya ɗauka, ya yi mata ninkin a hankali, lamba bayan lamba, ya ja layi biyu ƙarƙashin amsar, sannan ya dube ta da tausayi.

"Kin yi masa zancen Damagaram, ya saurare ki da kunnen Bretagne," in ji Salmanu. "Bon. Ki faɗa masa ƙiri-ƙiri."

"In dubi mai furfura in ce ya yi kuskure? Harshena bushewa zai yi."

"Gwada a kaina. Ni ne Kerbrat."

"Kai ai kullum ina gaya maka ka yi kuskure."

"Voilà. Kuma duk da haka na tura kawunnaina gidanku."

Ta harare shi, ta jawo farantin ta ci gaba da ci don kada ya ga murmushinta. Da ya raka ta gar washegari, sai da jirgin ƙasa ya kusa tashi ya leƙo ya ce, "Shamsiya, lissafinki daidai ne. Na sake yi da kaina."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. So nake in ce ni ma na taɓa taimaka wa injiniya."

A Paris tana sauka wurin Gwaggo Hassia, ƙanwar babanta, mai shagon atamfa a unguwar Goutte d'Or. Gwaggo ta saurari labarin tana ninke turmi, ba ta ɗaga kai ba.

"Lamba a allo ta taɓa kashe wani?"

"A'a, Gwaggo."

"To bar wa tsoho lambarsa. Shekara nawa yake riƙe da ita?"

"Ta fi hamsin."

"Ke kuma sati ɗaya kika yi za ki ƙwace masa. Ɗiyata, ki yi ladabi ki samu wurinki. In ya ga halinki zai riƙe ki."

Ta so ta yarda. Litinin da Talata ta bi maganar Gwaggo, tana gaisuwa, tana jera takardu, tana share ƙasa. Amma tun ranar fensirin nan tsohon bai ƙara barinta ta matsa kusa da inji ba. In ta tambayi wani abu sai ya amsa a hankali, yana rarrabe kalmomi, irin yadda ake yi wa wanda ba a sa ran zai gane. Ranar Alhamis tana bayan kabad ta ji shi a waya yana cewa, "Yarinyar kirki ce ƙwarai. Sai dai inji ba ya cin kirki." Ta tsaya da takarda a hannu, kunnuwanta suna zafi. Ladabin da ta yi don ta tsare masa mutunci shi ne zai kore ta, a kuma kore ta a matsayin wadda ba ta iya lissafi ba.

Ta ƙudura za ta same shi shi kaɗai da safiyar Juma'a. Ta fito tun kafin masu shagunan waya su ɗaga ƙofofinsu, da littafin jirgin da ta samu cikin takardun Amurkawan a jakarta, tana maimaita jimlarta a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Da ta isa sai ta tarar mai fenti ya riga ta. An jingine babban allon a jikin tayar jirgin, dattawan ƙungiya su shida sun kewaye shi da kofunan kafe, mai fentin ya zana lambar takwas da fensir, yana tsoma buroshi.

Ba sauran kaɗaici. Ta taka har gaban allon.

"Mushe Kerbrat," ta ce da Faransanci. Ta gyara murya. "Lambar nan ba daidai ba ce. Kun yi kuskure."

Buroshi ya tsaya a sama. Wani dattijo ya sauke kofinsa a hankali.

"Madmazel," in ji tsohon, "na sa hannu cikin irin wannan inji tun ba a haifi babanki ba."

"Gaskiya ne. Da shekara huɗu ma." Ba ta san daga ina maganar ta fito ba. Ta buɗe littafin inda ta sa alama, ta miƙa masa da hannu biyu, wannan kam ta kasa dainawa. "Ɗari huɗu da arba'in da shida, haka ne. Amma ku dubi abin da ke gefenta. Mil na tudu ne, ba na teku ba. Kowane ɗaya mita dubu da ɗari shida da tara. Ku kun ba shi dubu da ɗari takwas da hamsin da biyu."

Bai karɓi littafin ba. "Matuƙa da bakinsu sun gaya mani sun wuce ɗari takwas."

"In sun kifa hancinsa ƙasa suka faɗo, ba na musu. Amma allon ya ce a miƙe. A miƙe farfela ba za ta ja shi har can ba, bakin ganyenta zai riƙa karo da gudun sauti, ƙarfin injin ya tafi a banza."

Ta ɗauki alli daga kan tebur ta tsuguna. A kan simintin rumfar, ƙarƙashin inuwar fiffike, ta yi ninkin biyu gefe da gefe da manyan lambobi. Na hagu ya ba da lambarsa. Na dama ya ba da ɗari bakwai da goma sha takwas. Ta miƙe tana kaɗe hannu, a karo na farko ta dube shi cikin ido.

Tsohon ya sa tabarau. Ya karanta shafin, ya karanta ƙasa. Sannan ya zaro wani ɗan baƙin littafi daga aljihun ƙirji, wanda gefensa ya cinye don tsufa, ya yi ta buɗawa har ya tsaya. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Ina da shekara ashirin na kwafe ta daga bakin wani bakanike Ba'amurke," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Lambar kawai na rubuta. Ban sa komai a gefenta ba." Ya rufe littafin. "Jikokina duka sun haddace ɗari takwas da ashirin da shida."

Tausayinsa ya kama ta har ta ji kamar ta goge allin da ƙafa. Ta daure.

"Satin da ya wuce," ya ce, "da kika kawo mani kafe. Kin riga kin sani?"

"Na sani."

"Kika zauna ina koya maki ninki kamar jaki."

"A garinmu ba a ce wa babba ya yi kuskure. Tambayarsa ake yi har ya gani da kansa."

"In bai gani ba fa?"

"Namu suna gani, Mushe."

Dattijon da ya ajiye kofi ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi, har mai fenti. Mushe Kerbrat ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, gashin bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Shamsiya ta ji wani abu ya kwance a ƙirjinta, wani sanyi mai daɗi ya bi ta har tafin ƙafa. Ta tuna babanta da baƙin mai a hannu, ta tuna Salmanu a bakin taga, ta ƙosa ta ga fuskar Gwaggo.

"Saurara, Madmazel," in ji tsohon da dariyar ta lafa. "A cikin rumfar nan, in kin ga na bar noti a kwance, kada ki tafi dafa kafe. Mutum ne zai hau abin nan ya tashi sama. Ko a gaban wa, ki faɗa, da ƙarfi."

"To, Mushe."

"Ban ji ba."

"Na ce to."

Ya juya ga mai fenti ya nuna allon da haɓa. "Goge takwas ɗin nan, ka kwafi abin da ke ƙasa, na hannun dama." Sannan ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga murya yadda har can ƙarshen rumfar za a ji.

"Na yanke shawara. Wata shidan nata ne. Ranar Litinin ni da ita za mu buɗe injin."