Sunan Kalenga a Jikin Fitila

Baho cike da ruwan tafki, tankin tagulla a nutse a ciki, Chausiku kuma durƙushe a kai ko ƙifta ido ba ta yi. Haka na same ta ranar Alhamis da hantsi, na dawo daga shanyar kifi a bakin ruwan Katonga.

Tankin fitilar famfon mahaifinta ne, marigayi Kalenga, wadda ta shekara talatin a goshin kwalekwalensa tana kira masa kifi, kafin kowa ya koma fitilar batir. Da zai cika ya ce a kunna ta ranar sadakar arba'in ɗinsa. Arba'in kuwa gobe, ga fitila tana yoyo. Sau uku Chausiku, mai gyaran risho a layinmu, tana kunna ta, sau uku kananzir yana tsattsafowa. A na ukun wuta ta tashi ta cinye rabin tabarma.

Ƙaninta Songoro yana tsaye a bakin ƙofa da buhu a hannu. Yaron nan bakinsa ya fi hannunsa aiki, ni dai na sha faɗa masa.

"Yaya, wanka kike mata kuma?" ya ce. "Wallahi ba za ki ƙone mana baƙi ba. La'asar na yi zan kai wa 'yan gwangwan."

"Ka taɓa ta ka gani."

"Kin sake robar murfi, kin sake fatar famfo, kin ɗaure kowane noti. Saura me? Addu'a?"

Ba ta kula shi ba. Ta ciro tankin, babu ko ɗigon mai a cikinsa, ta buga masa iska har hannunta ya sage, ta sake dulmiya shi, tana duban inda iska za ta ɓullo. Murfi shiru. Gindin famfo shiru. Ni kaina, Allah ya sani, na fara jin tausayinta, ina neman yadda zan ce mata ta haƙura.

Sai ta juya tankin.

Masuntanmu kowa yakan zana sunansa da ƙusa a jikin fitilarsa, don kada a yi musaya a bakin ruwa. A kan harafin farko na sunan Kalenga wata 'yar ƙwayar iska ta fito, ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta tashi, wata ta biyo ta.

"Kai!" Chausiku ta daki cinyarta. "Baba, ashe kai ne!"

Kalenga bai iya rubuta komai a duniya ba sai sunansa, shi ya sa ranar da ya zana shi ya danna ƙusar da ƙarfinsa duka. Shekaru suka bi layin suna ci, har tagulla ta ɓule.

"To shi ke nan," in ji Songoro. "Shafe wurin da dalma, suna ya tafi, mu huta."

Ta yi masa wani kallo, ya ja baya da buhunsa. Ta wanke tankin da sabulu har warin mai ya bar shi, ta shanya, ta goge wurin. Sannan ta ɗora ƙarfenta na liƙi a garwashi, ta riƙa bin haruffan da dalma ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba su ɓule ba. La'asar ta yi ta wuce. Da ta buga masa iska ta mayar da shi baho, muka yi cirko-cirko a kai mu uku. Ruwa ko motsi.

Ranar Juma'a bayan magariba tsofaffin masunta suka cika tsakar gida. Chausiku ta ɗumama fitilar, ta buga iska, ta murɗa. Ta yi huci irin nata, lagwani ya yi ja, sannan fari fat, har ana ganin ƙashin kifi a cikin kwano. Guɗar da na rangaɗa, na manta sam zaman makoki ake.

Songoro ya yi wuf ya ɗauke ta ya rataye a reshen mangwaro. "Ai mun sha fama da ita," yake gaya wa mutane. Ji ɗan nema!

Wani tsoho daga can ƙarshen tabarma ya ƙanƙance ido yana duban farin rubutun da ke ƙyalli a jikin tagullar.

"Ka-len-ga," ya karanta a hankali. "Ikon Allah. Da can sai ka matso kusa kake ganinsa."