Baƙin Asabar

Tun da hantsi Sieni ta sauke gwaza da madarar kwakwa, ta gasa burodin kwakwa, ta jera farantai a kan tebur, ta gyara baƙar rigar takabarta. Yau masu neman haya za su zo ganin gidan.

Ita da mijinta Eteuati sun tsufa a ɗakunan nan biyu na Grey Lynn, tun unguwar tana cike da 'yan Samoa irinsu. Tsadar haya ta kwashe maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Da Eteuati ya rasu, fanshonsa ya bi shi, mai gida kuma ya ƙara kuɗin hayar mako. Da ta kasa biya, ya shiga neman wasu masu haya. Abu ɗaya Sieni ta dogara da shi. A garinsu, wanda ya ci abincinka sai ya saurari roƙonka.

'Yarta Lagi ta kira ta a waya daga birnin Brisbane.

"Mama, girki kika yi musu? Gidanki fa suka zo karɓewa! Ki tattara ki taho wurina."

"In bar ubanki shi kaɗai a maƙabarta? Ke dai bakinki ya fi ki girma."

Bree, wakiliyar mai gida, ta buɗe ƙofa, mutane suka kwararo da takalmansu.

"Ku zauna, 'ya'yana, ku ci," in ji Sieni.

Ba wanda ya zauna. Suka yi ta buɗe kabad, suna murɗa famfo. Wani ya ɗaga hoton Eteuati ya duba ko bangon yana da danshi.

"Bree, 'yata, ki ci tukuna. Ina da magana."

"Kai, ƙamshi! Amma ana jirana a wani gidan, Sieni. Gaba ki riƙa buɗe taga, kin ji?"

Wata matashiya mai tsohon ciki ce kaɗai ta tsaya a tebur. Ta gutsiri burodin kwakwa, ta lumshe ido.

"Wayyo, daɗi! A nan kika gasa, Inna?"

Zuciyar Sieni ta yi sanyi. Ta jawo mata kujera.

"A nan. Mijina ba ya karyawa sai da shi. Ranar da ya..."

Matar ta riga ta juya wajen mijinta, bakinta cike.

"Ka ji, tanderun yana aiki. Mu ƙara a kan kuɗin hayar da suka yanka, kafin wani ya riga mu."

Bree ta yi murmushi, ta bi su waje. Sieni tana nan tsaye, hannunta a kan kujerar.