Akwatin Baba Ya Gaza da Yatsa Uku

"Ka mayar musu kawai," in ji Yaya. "Ka karɓo ƙaramin."

"Ba zan mayar ba."

"To ka gaya wa Baba da bakinka."

Muna tsaye a shagon kafinta na Baba, bayan gida, garin katako har idon sawu. Shi ya fita sayo ƙusa. A kan benci ga madabod ɗin da na sayo da safe, allon da duk kayan cikin kwamfuta ke hawa kansa. Gefensa ga akwatin katako da Baba ya ƙera mata. Allon ya fi akwatin tsawo da yatsa uku.

Baba bai taɓa son wasan gem na kwamfuta ba, danne-danne yake ce masa. Tun da na gama sakandare hirarmu ba ta wuce "miƙo zarto" da "ga shi". Ashe da ya ji zan haɗa kwamfuta da hannuna, sai ya ciro allon matacciyar kwamfutar Yaya ya auna, ya yi sati biyu yana aiki a ɓoye. Ya huda ramukan fanka ɗaya bayan ɗaya. Ya goge katakon har kana ganin fuskarka. A zatonsa allo kamar bulo ne, duk girmansu ɗaya.

Ni kuwa da gangan na zaɓi babba, bayan nazarin wata uku. Ramin ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, huɗu ne da shi, ba biyu ba. Ga fili inda katin hoto mai kauri, wanda ke sa gem ya fito tas, zai zauna ya sha iska, ran da na samu hali.

"Ram ɗaya tak gare ka, Sarkin Shiru," in ji Yaya. "Ɗaki huɗu, ɗan haya ɗaya."

"Sauran na nan gaba ne."

"Nan gaba! Kai da ko wankin gobe ba ka tsarawa. Ka ga fuskarsa da ya yaye zanen da ya rufe akwatin? Yaushe rabon da ka ga haƙoransa?"

Na gani. In na karɓo ƙarami, cikin shekara biyu zai cika in rasa inda zan ƙara komai. In na sayo akwatin ƙarfe, na Baba zai koma ma'ajiyar ƙusa, mu kuma mu koma "miƙo zarto".

Sai ga shi ya shigo. Yaya ta yi wuf ta tare benci da bayanta.

"Matsa, 'yar nan, ke ba labule ba ce."

Ya ɗora allon a bakin akwatin. Ya juya shi. Ya sake juyawa. Sannan ya ɗauki zarto.

"A rage masa kaɗan?"

"Baba, a'a!"

Ya tuntsire da dariya. "Ashe kana da murya."

Ya nuna ramukan ram da fensirin bayan kunnensa, ya ce na mene ne. Na faɗa masa. Ɗaya na yau, uku na jiran gobe. Na yi bayanin kati, na yi na fanka. Rabona da magana mai tsawon haka har na manta.

"Gadon da na yi maka kana ɗan shekara biyar," ya ce, "ina ƙafarka take tsayawa?"

"A tsakiya."

"Yanzu fa?"

"A ƙarshe."

"To ka gani. Wanda ya bar wa gobe wuri bai yi wauta ba. Ni ne na yi awo ban tambayi mai kaya ba."

Matsalar, irin katakon ya ƙare a shagon. Ragowar na akwatin zai isa a ƙara tsawo, amma babu mai faɗin da zai rufe gefe. Baba ya duba ƙarƙashin benci, ya leƙa saman rufi, ya sosa ƙeya. Sai ya shige cikin gida. Ya dawo da falle guda a hammata, launinsa sak na akwatin, har da mariƙi a jiki.

Yaya ta toshe baki. "Baba, wannan ai..."

"Ke dai riƙe min nan."

Ya yanka, na riƙe. Ya huda, na ɗaura noti. Kafin la'asar allon ya zauna daram, da sauran fili. Mariƙin ma bai cire ba.

"Ran da ɗan haya na biyu ya zo, ba sai ka kwance komai ba," ya ce. "Ja kawai, ya buɗe."

Na ja, ya buɗe. Na rufe, na sake ja. Yaya ta ce in ban daina murmushi ba za a ɗauka ba ni da lafiya.

Muna cikin haka muka ji Umma ta dawo daga aiki. Muka ji ta shiga kicin. Baba ya sunkuya yana neman fensirin da ke bayan kunnensa. Yaya ta rarumi tsintsiya, abin da ba ta taɓa yi a shagon ba. Ni na tsura wa ram ɗina ɗaya ido.

Umma ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Ta kalle mu ɗaya ɗaya, ta kalli akwatin, ta daɗe a kan mariƙin.

"Wai wannan ba ƙofar kabad ɗina ba ce?"