Hannun Mai Haƙar Rijiya

Yarjejeniyar ba ta da wani ƙulli: mai haƙar rijiya zai yi ta haƙa har ruwa ya fito. Da ya yi nisa sai ya ci karo da dutse, diga ta fara tartsatsin wuta. Ya ce aikin ya wuce abin da aka yi magana a kai. Mai gida, mutum mai taurin kan tsiya, ya kulle masa kayan aiki a ɗakin ajiya, ya maka shi a kotu.

Alƙali ya ce su gwada sulhu tukuna. Ya haɗa su da wani dattijon malami, aka shimfiɗa tabarma kusa da bakin ramin.

"A raba wahalar biyu," in ji Malam. "Kai mai gida ka ɗauko hayar injin fasa dutse, shi ya ƙarasa."

"Ni ruwa nake so, Malam, ba sulhu ba!" mai gida ya daka tsawa.

"To a ba ni kayana in nemi abincin 'ya'yana," in ji mai haƙa. Ya miƙe ya kama kwaɗon ƙofar ɗakin ajiyar yana jijjigawa.

Ɗan mai gida, ƙaton saurayin da ba ya tsinana komai sai ci da barci, ya rarumi guduma ya sauke a kan hannun. Ƙashi ya ce ƙaras. Jini ya fantsama a jikin ƙofar, mai haƙa ya zube yana birgima, yatsu biyu na reto. Wallahi abin ba kyan gani.

Bayan an ɗaure hannun, Malam ya ce, "Magana ta wuce rijiya. Ko ƙisasi, ko diyya, ko abin da mai rauni ya yarda da shi."

Nan fa mai gida ya durƙusa. "Ka dubi Allah, ɗan'uwa. Shi kaɗai gare ni."

"Yatsunsa ba za su ciyar da gidana ba," in ji mai haƙa, yana cije leɓe. "Sai dai yaron ya zama hannuna. Duk rijiyar da na samu, shi zai shiga har in warke. Da wannan zai fara."

Malam ya tambayi saurayin ko ya yarda. Ya gyaɗa kai alamar ya yarda.

Washegari aka ɗaura masa igiya a ƙugu. Mai haƙa ya dubi uban, wanda aka damƙa wa bakin igiyar.

"Riƙe da kyau, Baba. Ni ba hannu gare ni ba."